Kukan Goge a Ƙetaren Teku

Wata rana da yamma, bayan an tashi daga makaranta, mu uku malamai muna zaune a gindin darbejiya muna duba takardun jarrabawa, sai ɗayanmu ya kunna wata tsohuwar waƙar baƙaƙen fatan Amurka a wayarsa. Mutum ɗaya ne da jitarsa, yana waƙa da wani irin Turanci wanda mu ma ba mu kama rabinsa ba. Mai gadin makarantarmu, wani dattijo Bakamuke wanda tashin hankalin daji ya kore shi daga ƙauyensu a 2018, ya ajiye tsintsiya ya matso kusa. Ya kasa kunne har waƙar ta ƙare, sa'an nan ya ce, "Malam, wannan ɗan wane gari ne? Ai kukan goge yake yi da bakinsa." Muka ce, "Baba, Ba'amurke ne, ya kuwa daɗe da rasuwa." Ya girgiza kai, ya ce shi dai a bincika, kakan mutumin nan namu ne.

Muka yi dariya a ran nan. Amma maganar ta tsaya mana a rai, har muka shiga tonon littattafai, sai muka tarar ashe dattijon nan da bai taɓa zama a aji ba ya faɗi abin da masana suka yi shekaru suna rubutawa. Waƙar da ya ji irin wadda ake kira buluz ce, ba kuwa sunan Manzo Bulus ba ne, kada mai karatu ya rikice. Buluz ɗin nan tana cikin iyayen kiɗan da ake kira jaz, wanda ya tashi a birnin Niyu Oliyans, a bakin kogin Misisifi, can kudancin Amurka, wajen shekara ta 1900. Kayan kiɗan jaz na Turawa ne: kakakin tagulla irin na sojoji, da sarewar Turawa, da piyano, da gangunan fareti. Amma waɗanda suka fara busawa da kaɗawa jikokin bayi ne, kunnen da suke ji da shi kuwa daga wannan nahiya tamu aka gaje shi.

Yadda aka kwashe su

Cikin shekara wajen 350 aka loda 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi a jiragen ruwa. Waɗanda suka sauka da rai wajen miliyan 10 da dubu 700 ne. Birazil kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5, waɗanda aka kai kai tsaye ƙasar da ta zama Amurka kuwa ba su cika dubu 400 ba.

A nan ya kamata mu yi gaskiya, don kada zumuɗi ya kwashe mu. Yawancin waɗanda suka sauka Amurka daga wajajen Senigal da Gambiya, da gaɓar Gana, da ƙasar Ibo, da Kwango da Angola aka ɗebo su. Mutanen ƙasarmu, wato Hausawa da Nufawa da Gbagyi da Kamukawa da Kambari, an fi gangarawa da su ta ƙasar Yarbawa zuwa Badagiri da Legas da sauran tashoshin bakin teku, yawancinsu kuma Birazil suka nufa, musamman bayan yaƙe-yaƙen da suka fara a 1804. A birnin Salbado na Birazil bayi Hausawa suka shirya tawaye a 1807, suna kuma cikin babban tawayen 1835. Duk da haka, a tsofaffin takardun cinikin bayi na jihar Luwiziyana, inda Niyu Oliyans take, an tarar da sunan Hausawa tare da Bambara da Wolof da Fulani da Yarbawa da mutanen Kwango.

Akwai wata shaida kuma da ta fi taɓa mu. Wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Sigismund Koelle ya zauna a Firitawun ta ƙasar Saliyo, inda jiragen yaƙin Ingila suke sauke bayin da suka ƙwato a teku. Ya bi mutanen nan ɗaya ɗaya yana tambayarsu kalmomin harshensu da sunan garinsu, ya buga littafi a 1854 mai harsuna fiye da 150. A ciki akwai Kamuku, akwai Gwari, akwai Basa da Kambari. Wato mutanen dazuzzukan nan namu sun shiga jirgin bayi. Waɗanda Koelle ya gani su ne aka tare a hanya. 'Yan'uwansu da ba a tare ba sun wuce. Ba wanda ya tafi da ganga ko goge a hannu, gama tsirara aka loda su. Abin da ke cikin ka kaɗai ya ƙetare.

Dandalin Kwango

Masu bayi sun ji tsoron ganga, suna kuwa da dalili, don sun gane ana kiran jama'a da ita. Bayan tawayen bayi na 1739 a Karolina ta Kudu, aka kafa doka a 1740 wadda ta hana bayi ganga da ƙaho. Da aka ƙwace ganga sai kiɗan ya koma cikin tafi, da buga ƙafa a ƙasa, da bugun cinya da ƙirji. Ya koma kuma cikin kayan tsirkiya, waɗanda iyayengiji ba su ga laifinsu ba. Banjo, wanda daga baya ya riƙe kiɗa a ƙungiyoyin jaz na farko, asalinsa ƙwarya ce da aka rufe da fata aka soka mata sanda, ɗan'uwan akontin na mutanen Jola a Senigal da Gambiya. Wanda ya san gurmi da garaya da molo, in ya ga hoton tsohon banjo ba zai bukaci bayani ba.

Niyu Oliyans ta sha bamban. Faransawa ne suka kafa ta a 1718, dokarsu ta 1724 kuwa ta ce kada a sa bayi aiki ran Lahadi. Saboda haka ran Lahadi da yamma bayi sukan taru su yi ciniki, su yi kiɗa da rawa. A 1817 hukumar gari ta keɓe musu fili guda, wanda aka sani da Dandalin Kwango. Wani mai zanen gine-gine, Benjamin Latrobe, ya bi ta wurin a 1819, ya ga mutum ɗari biyar ko shida sun yi da'ira da'ira, kowace da makaɗanta. Ya zana gangunan da ya gani, da wani abin kiɗa na ƙwarya mai tsirkiya. Kiɗan bai yi masa daɗi ba ko kaɗan, amma mun gode masa da ya zana. A 1809 kuma dubban 'yan gudun hijira daga Haiti, waɗanda suka biyo ta Kuba, suka cika garin, suka ƙaro masa kiɗan tsibiran nan inda ganga ba ta taɓa mutuwa ba.

Abin da Baba ya ji

To, mene ne ainihin abin da ya ƙetare? Na fari shi ne amshi. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san yadda mai waƙa yake jefa magana manoma su amsa, fartanya tana sauka daidai da amshin. Haka bayi suka yi a gonakin auduga, haka suka yi a majami'unsu, mai wa'azi yana faɗa jama'a suna amsawa. A jaz sai kayan busa suka ɗauki aikin: kakaki ya jefa, sauran su amsa, ko mawaƙi ya yi layi guda jita ta ba shi amsa.

Na biyu, kiɗa bisa kan kiɗa. Ku dubi mata biyu ko uku suna lugude a turmi ɗaya: wannan taɓarya tana da nata lokaci, waccan tana da nata, ga tafi yana shiga tsakani, duka kuwa suna haɗuwa ba karo. Sau da yawa uku ne suke tafiya a kan biyu. Waƙoƙin Turawa na littafi sukan dora nauyi a bugu na ɗaya da na uku, kamar tafiyar soja. Masu jaz suka mai da nauyin kan na biyu da na huɗu, suna shiga kafin bugu ko su ɗan makara da gangan. Wannan ne yake sa ƙafar mai saurare ta motsa ba da izininsa ba.

Na uku shi ne wanda Baba ya kama, a nan kuwa za mu ɗan daɗe. 'Yan ƙungiyar mawaƙa sun san do, re, mi, fa, so, la, ti, matakai bakwai, kowanne da gurbinsa a piyano. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya kuwa a kan matakai biyar suke tafiya, matakan kuma ba a kafe suke ba. Goge ba shi da alamar inda za a sa yatsa. Mai goge yakan zame daga murya zuwa murya, ya lanƙwasa ta, ya sa ta rawa, ya bi ta tsakanin gurabun da piyano ya sani. Mawaƙin buluz haka yake yi. In ya zo kan mi ko ti sai ya ɗan sauko da ita, ba ta kai gurbin ƙasa ba, ba ta kuma tsaya a nata ba. Bature mai karatun kiɗa da ya fara jin haka ya ɗauka kuskure ne. Ba kuskure ba ne, ƙa'ida ce ta wani gida dabam.

Wani Baturen Ingila, Paul Oliver, ya rubuta a 1970 cewa in ana neman asalin buluz kada a tsaya ga manyan gangunan bakin teku, a dubi ƙasashen sarari na arewa inda ake kiɗan tsirkiya. Gerhard Kubik, mutumin Ostiriya wanda ya yi shekaru yana yawo da na'urar ɗaukar murya a Afirka, ya ƙarfafa wannan a littafinsa na 1999. Ya nuna cewa waƙar mutum ɗaya da abin kiɗansa, da jan murya, da lanƙwasa ta, halin yankin da ya miƙe daga Mali ya ratsa ƙasar Hausa har arewacin Kamaru ne. Cikin misalansa akwai wani mai goge Bahaushe da ya ɗauka a Kamaru cikin shekarun 1960, da waƙar niƙa ta wata mace, waɗanda ya jera su kusa da mawaƙan Misisifi don mai saurare ya gwada da kunnensa. Ba dukan masana suka yarda da kowane abu da ya faɗa ba, ba kuwa mai iya cewa waƙa kaza daga ƙauye kaza ta fito. Amma Baba bai karanta Kubik ba, ga shi sun faɗi abu ɗaya.

Haɗe da wannan akwai sa kayan kiɗa su yi magana. Hausa harshe ne mai hawa da sauka: kuka na hawaye dabam, kuka ta miya dabam, muryar ce kaɗai ta raba su. Don haka ne mai kalangu, in ya matse igiyoyin da hammatarsa ya saki, yakan kira sunan mutum, kowa a kasuwa ya gane. Masu busa na jaz suka riƙa toshe bakin kakaki da hannu ko da murfi, suna buɗewa suna rufewa, har ya yi gunaguni, ya yi dariya, ya yi kuka kamar ɗan adam. Ƙungiyar Duke Ellington ta shahara da wannan tun shekarun 1920.

Na ƙarshe, ƙirƙira nan take. Mutanen Funtuwa maƙwabtanmu ba sa bukatar a gaya musu yadda marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yake tsayawa a fili ya ɗinka waƙa da abin da idonsa ya gani, 'yan amshi da kalangai suna riƙe masa gindi. Haka jaz take: ƙungiya ta riƙe gindin waƙa, mutum ɗaya ya fito ya faɗi nasa, gobe in ya sake busa waƙar ba zai maimaita na yau ba. Louis Armstrong, wanda aka haifa a Niyu Oliyans a 1901, shi ya ɗaukaka wannan a fayafayansa na 1925 zuwa 1928.

Turawa ma sun sa nasu: kayan busa, da jera muryoyi huɗu, da rubutun kiɗa, da waƙoƙin sujada. Jaz ɗiyar gida biyu ce.

Majami'a da gidan giya

Abin da ya kamata iyalin masu bi su lura da shi shi ne, cikin wuraren da kiɗan nan ya ɓuya har ya tsira, majami'a tana kan gaba. Bayin da suka karɓi bishara sun karɓi littafin waƙoƙin Turawa, amma suka rera shi da nasu hali. Sukan yi da'ira suna zagayawa suna jan ƙafa, ana tafi, ana amshi. Labarin Musa da Fir'auna, da na bayin da aka kai Babila cikin Zabura 137, ba tatsuniya ba ne a gare su. Ɗaliban Jami'ar Fisk suka fita da waƙoƙin nan duniya a 1871, har suka rera a gaban Sarauniya Biktoriya a 1873. A Niyu Oliyans kuma ƙungiyoyin taimakon juna sukan yi hayar masu busa don jana'iza: a tafi makabarta da waƙar sujada a hankali, a komo da kiɗa mai zafi.

Amma ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba. Jaz ta yi girma a gidajen rawa da mashaya, har da unguwar karuwai ta Niyu Oliyans wadda aka buɗe a 1897 aka rufe a 1917. Fastocin baƙaƙen fata da yawa sun ƙi ta ƙwarai. Thomas Dorsey, mai piyanon buluz wanda ya juyo ya shiga rubuta waƙoƙin bishara, majami'u da dama sun ƙi waƙoƙinsa da fari, yau kuwa ana kiransa uban waƙoƙin bishara na baƙaƙen Amurka. Mahalia Jackson, ita ma 'yar Niyu Oliyans, ta ƙi yin waƙa a mashaya duk rayuwarta, amma lanƙwasar muryar buluz tana cikin kowace waƙarta ta yabo. Ellington da kansa ya kai ƙungiyarsa cikin babbar majami'a a San Faransisko a 1965.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a wurinmu. 'Yan mishan na farko sun kawo mana waƙoƙi da muryoyin Ingila da Amurka aka sa musu kalmomin Hausa, wani lokaci muryar waƙa tana hawa inda kalmar take sauka. Ganga da goge da garaya kuwa aka bar su a waje. Ba mu ce iyayenmu na bangaskiya wawaye ne ba. A zamaninsu goge da garaya suna kiran bori, suna kuma kwana a gidan giya, wanda ya fito daga can ya san abin da yake gudu. Sai dai kuma Littafi Mai Tsarki da ke hannunmu, inda yake maganar kayan kiɗan Dawuda, molo da garaya ya kira su. Zabura 136 kuwa daga farko har ƙarshe waƙa ce da amshi. Iyayenmu mata na Zumuntar Mata ba su jira an gama gardama ba: suka shigo da tulu da ƙwarya da caki, ɗaya ta jefa sauran su amsa, 'yan Sabon Rai kuma suka bi da ganguna. Abin da ya faru a Misisifi ya faru a nan, ba wanda ya aika wa wani da wasiƙa.

Jikokin sun zo neman gida

Makonni kaɗan bayan samun mulkin kai a 1960, Armstrong ya zo Nijeriya, ya iso har Kaduna ya gana da Sardauna, Sir Ahmadu Bello. Randy Weston mai piyano ya zo Legas a 1961. Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne Yusef Lateef, gwanin busa daga Ditiroyit. Daga 1981 zuwa 1985 yana Zariyan nan, a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana binciken sarewar Fulani. Mutumin da ya yi busa a manyan zaurukan duniya ya zo ya zauna yana koyon abin da yaro makiyayi yake busawa a bayan shanu, abin da mu muke wucewa ba mu ko waiwaya.

Halin da muke ciki

Ƙasar Birnin Gwari ta san kamun mutane tun dā. A ƙarshen ƙarni na 19 mayaƙan Kwantagora sun addabi ƙauyukan Gbagyi da Kamukawa, har Turawa suka ci Kwantagora a 1901. A zamaninmu kuma dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, da dajin Kuyambana, suka zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Mayu na 2018 aka kashe mutum fiye da 40 a Gwaska rana ɗaya. Ƙauyuka suka watse, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu, daga nan waɗansu suka fara komawa gonakinsu.

Ana lissafin rayuka da shanu da buhunan masara da aka yi hasara, daidai ne kuwa. Ba mai lissafin waƙoƙi. Tun kafin tashin hankali injin niƙa ya riga ya kashe waƙar niƙa, maganin feshi ya rage gayya. Da ƙauye ya watse, mai waƙa ya faɗa Kaduna, 'yan amshinsa suka faɗa Funtuwa ko Tegina, waƙar amshi kuwa ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Mun gwada yaran ajinmu na shida, waɗanda yawancinsu a gudun hijira suka yi wayo: sun iya waƙoƙin waya da yawa, amma da muka ce a rera mana waƙar gayya guda, yara biyu ne suka iya, su ma rabi rabi. Bayin da aka kai Amurka an ƙwace musu ganga da doka, suka riƙe kiɗan shekara ɗari biyu. Mu ba wanda ya kafa mana doka.

Daga baya ne Baba ya gaya mana cewa shi ma mai goge ne a samartakarsa. Da zai yi baftisma aka ce ya bari, ya kuwa bari da zuciya ɗaya, ya rataye gogen a cikin rumbu. Can ya bar shi daren da suka gudu. Muka kai maganar gaban dattawan ekklisiya, ko za a yarda ya yi goge ran godiyar kaka. Aka yi ta ja. Wani dattijo ya ce shi in ya ji goge abin da ya bari a baya yake tunawa, ba ya so ya tuna da shi a gaban bagade, ba mu kuwa da amsar da za mu ba shi. Aka tsaya a kan cewa ban da cikin sujada tukuna, amma ran Asabar Baba ya koya wa yara a filin makaranta, mu kuma mu ɗauki muryarsa da ta tsofaffin mata, mu rubuta kalmomin da Kamukanci da Gbagyi da Hausa. Iyalin da suke da tsoho ko tsohuwa a gida, wayar da ke aljihunku ta isa wannan aiki.

Saura gogen. Ƙwarya mun samu a kasuwa, wani mai doki ya yi mana alkawarin izga. Muka kawo fatar akuya, Baba ya juya ta ya ce, "Malam, wannan ta ganga ce. Goge sai fatar guza." Muka tambaye shi inda za a samu. Ya nuna yamma, wajen kogin Mariga, ya ce akwai su da yawa a bayan ƙauyensu, in ƙanensa ya koma girbi lafiya ya komo lafiya zai sa ya kamo masa ɗaya.